Taɓa Kafin In Haɗiye

Litinin, da la'asar

Na iso Kuching. Masu gwajin magani sun ba ni ɗaki a gidan da suka kama wa marasa lafiya 'yan nesa, a bayan asibiti. Gado biyu ne, da fanka mai kuka, da taga da ke kallon bangon shagon mai facin taya. Tun daga Mukah nake zaune a bas, ƙuguna kamar an daka shi a turmi.

Seruji ya kira. Ya ce na isa lafiya? Na ce lafiya lau. Ya ce yaya jiki? Na ce da sauƙi. Ya ce teku ta yi fushi yau, ba wanda ya fita kamun kifi. Sannan ya ce to sai anjima. Tun da na aure shi haka yake, in zance ya wuce teku da kifi sai bakinsa ya mutu.

Baƙon ya dawo, ciwon nan nawa. Bayan maganin farko ya yi lamo har na saki jiki, na koma gasa sagu, ƙwayoyin garin da muke samu daga cikin wani itace mai kama da giginya, ina kaiwa kasuwa. Ashe yana nan cikin ɓargo yana hutawa. Ba zan rubuta sunansa ba.

Talata, da hantsi

Dokta Chieng ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. "Mama Rapiah, in ciwon nan ya dawo, abin da muka saba bayarwa allura ce da fararen ƙwayoyi. Yanzu ana gwada ƙara wani sabon kafso a kansu, a ga ko haɗin zai fi ƙarfi. Rabin mutane za su samu, rabi za su tsaya a kan tsohon. Ba ni nake zaɓa ba, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a."

Na ce, "Likita, ita kwamfutar ba a sa mata baki?"

Ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.

Da na dawo na tarar an cika ɗaya gadon. Wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Iban daga can saman kogi, gaba da Kapit, guntuwa, ga murya kamar tana kiran wani a wancan ƙetaren. Indai Lulong ake ce mata, wato uwar Lulong, da sunan 'yarta ta fari. Ko zama ban yi ba ta ce, "Ke ma kansar jini ce ta dawo miki?"

Na ce ni ba na ambaton sunan.

"Don kada ya ji ya zo? Ai ya riga ya zo, ƙanwata, har ya shimfiɗa tabarma. Zo ki ci rogo. Kada ki ji tsoro, naman aladen da kike gudu na baro shi a gida, tukunyar ma sabuwa ce."

Ga shi ta sa na rubuta sunan. Rogon ya yi daɗi.

Alhamis, bayan azahar

Ƙuri'a ta fito. Ita sabo, ni tsoho.

Nas Voon ce ta faɗa mana, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakinta mai sanyi. Ta ce tsohon ma magani ne mai kyau, kuma ba wanda ya san ko sabon ya fi shi, shi ya sa ake gwadawa. Na ce haka ne. Na yi wa Indai Lulong barka, har da riƙe mata hannu. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni.

Hassada nake yi. Mace da kallabi da carbi, ina yi wa mara lafiya hassadar magani. Allah ka yafe mini.

Juma'a, da safe

Kafson shuɗi ne, bai wuce ƙwayar wake ba. Ina zaune a bakin gadona da fararen ƙwayoyina, na ce ba zan kalla ba, ido ya ƙi. Indai Lulong ta kai shi baki, sai ta tsaya, ta sauke hannu, ta miƙo mini tafinta.

"Taɓa."

"Yaya, magani ne fa, ba shinkafa ba."

"Abin da za a haɗiye a gaban mai so, ko dutse ne sai ya taɓa. Na ga idonki. So kike kempunan, tsautsayin kwaɗayi, ya kama ki a hannuna? Ƙanin mijina an miƙo masa shinkafa yana sauri, ya ƙi ko taɓa kwanon, ya sauka kogi. Wani kada ya cinye shi, hularsa kaɗai ya bar mana."

Mu ma a Mukah haka muke. Uwata ba ta taɓa barinmu mu fita da kwaɗayin abu a rai ba, sai mun lakata ko mun taɓa, don kada tsautsayi ya bi mu. Na sa ɗan yatsa na taɓa kafson, na kai yatsan leɓena. Ta haɗiye, ta kora da shayi, ta ce, "To, mun sha."

Lahadi, da yamma

Ruwa tun safe. Ba wanda ya kira.

Talata, ranar allura, da azahar

Kujerunmu kusa da juna suke. Nas Voon ta ja mini kunne kada in kusanci ɗanyen kifi da lemun tsami, wai jinina ba shi da masu gadi yanzu. Indai Lulong ta ce, "Gara ma. Mutane da wuta a gida su zauna suna cin kifi ɗanye kamar kyanwa."

Na ce, "Ku da kuke cusa kaza a cikin gora ku dafa, don tukunya ba ta iso muku ba?"

"Kin ji ta, Nas? 'Yar bakin teku, bakinta ya fi jininta ƙarfi."

Har wani tsoho ɗan Sin da ba ya kula kowa sai da ya yi dariya. Rabona da dariya irin wannan tun kafin baƙon ya dawo.

Seruji ya kira da yamma. Yaya jiki? Da sauƙi. An kama jatan lande da yawa, farashi ya faɗi.

Asabar, da safe

Taɓa. Mun sha.

Kullum haka. Yanzu ko miƙowa ba ta gama yi ba yatsana ya isa.

Laraba, bayan la'asar

Sakamakon jini bai yi kyau ba. Abin da suke aunawa, maimakon ya sauka, hawa yake yi. Dokta Chieng ya ce a ƙara ba shi lokaci. Ya faɗa yana kallon takarda. Na Indai Lulong ya fara sauka. Na sake yi mata barka.

Bayana yana ciwo daga ƙugu har wuya. A zaune nake salla.

Alhamis, da hantsi

Na faɗi a banɗaki. Ƙafa ce ta ƙi ɗaukata, ba santsi ba. Ita ta ja ni, wannan guntuwar mata, ta kai ni gado, ta shafa mini mai a gwiwa tana mita.

"Na faɗa miki. Wannan kempunan ne."

"Ai ina taɓawa, Yaya."

"Yatsanki ne ke taɓawa, ranki bai ƙoshi ba. Taɓawa ta mai wucewa ce, wanda zai fita ya manta. Ke kuwa kullum kina nan, kullum kina gani. A dogon gidanmu, inda duk ƙauye ke ƙarƙashin rufi ɗaya, in aka kashe barewa, ko ƙofa nawa ce sai kowace ta samu, ko da yankan ya kai farce. Ban taɓa ci ni kaɗai ba tunda aka haife ni. Makonnin nan kafson nan a wuyana yake tsayawa."

Na ce ta bar wannan zance, an hana. Nas Voon ta faɗa, likita ya faɗa.

Ta ce, "Kwamfuta ce ta raba. Ita tana da maƙwabta?"

Juma'a, da safe

Yau ban tsaya a taɓawa ba, na haɗiye kafson.

Lahadi, da safe

Jiya nata. Yau nawa.

Talata, da azahar

Nas Voon ta karɓi fankon ledar maganin ta duba, komai daidai. Ta tambayi Indai Lulong ko tana sha kullum. "Kullum ana sha, 'yata." Ta juyo wajena. "Mama Rapiah, kina shan wani abu ban da wanda muka ba ki? Saiwa, ganye, wani abu daga gida?"

Na ce babu saiwa, babu ganye.

Na dawo ɗaki na yi ta wanke kofin da yake a wanke.

Asabar, da yamma

Na yi salla a tsaye.

Na sauka kasuwar bakin titi da ƙafata, na sayo kifi da kabewa, na dafa mana. Na ci na ƙara. Na fito da sagun da na gaso daga gida muka tauna da shayi, tana cewa tsakuwa muke ci a Mukah. Ita ba ta ci sosai ba, ta ce rogon rana ne bai sauka ba. Ta kwanta tun kafin magariba.

Seruji ya ce yaya jiki, na ce da sauƙi, kuma yau gaskiya na faɗa. Bai ji bambancin ba.

Litinin, da hantsi

Barci take yi da yawa.

Laraba, bayan la'asar

Dokta Chieng ya kalle ni a ido yau. Ya ce, "Mama Rapiah, kin ba mu mamaki. Tsohon haɗin ya kama ki da kyau." Har ya kira Nas Voon ta gani. Na ce alhamdulillahi, harshena kamar na lashi toka.

Na zauna a benci na jira Indai Lulong. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce mu tafi, tana jin yunwa, amma a hanya ta tsaya ta dafa bango. Awon jininta ya juya, yana hawa. In awo na gaba ya nuna haka, za su ce sabon bai karɓe ta ba, su cire ta daga gwajin, ta koma gida. A can saman kogi ba abin da ya rage mata sai maganin rage zafi.

Ta ce, "Kada ki yi mini wannan fuskar. Jiki ne, yau sama gobe ƙasa."

Alhamis, da safe

Yau ranata ce. Ta miƙo. Na ce a'a.

"Karɓi."

"Yaya, ki sha abinki. Rabi ba ya isarki."

"Wa ya ce miki rabin ne? Likitan da kansa ya ce ba wanda ya sani. Ke ya karɓe ki, ni bai karɓe ni ba, shi ke nan. In na janye hannu yanzu ki sake faɗi, da wane ido zan kalle ki?"

"To bari in faɗa musu."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "In kin faɗa, kin mai da kyautata sata. Za su ce 'yar daji ce, ba ta san magani ba, an ba ta amana ta rabar. Ni Indai Lulong ba a taɓa tsare ni a gaban mutane an ce na ci amana ba. Ke kuma su kore ki. Me aka yi ke nan?"

Hannunta yana nan a miƙe. Na tuna daɓen banɗaki da sanyinsa a kumatuna.

Na karɓa. Allah ya gani, na karɓa.

Juma'a, bayan azahar

Ba ni da wanda zan faɗa wa. Na ɗauki waya zan kira Seruji, na ajiye. Me zai ce? Gari cike da mutane, motoci har cikin kunne, ga mace a gadon da ke kusa da nawa, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar yau ba.

Ina so in rayu. Wannan ma sai in rubuta shi tunda gaskiya ne. Ina so in koma in gasa sagu in yi faɗa da masu saye.

Lahadi, da hantsi

Lulong ta kira uwarta. Na ji uwar tana ihu a waya, "Garau nake! Sabon magani suka ba ni, na masu sa'a. Ki ce wa ubanki kada ya taɓa mini saƙata, ni zan ƙarasa ta." Tana ajiye wayar ta kasa ɗaga butar shayi.

Ta ce in taje mata kai, hannunta ba ya kaiwa. Ina tajewa na ga bayan wuyanta, ƙashi duk ya fito. Hannun da ya ja ni daga banɗaki ne yau ba ya kai ƙeya. Tana ta ba ni labarin wani zakaranta mai faɗa, ni ban ji ko rabi ba.

Yau ranarta ce. Gobe kuma ranata ce, a lissafinta.

Litinin, da azahar

Na fita tun kafin ta farka. Na je na faɗa.

Nas Voon ta cire tabarau ta ajiye, ta ce, "Wayyo, Mama." Dokta Chieng bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce kafson nan ana auna shi da jinin mutum da ƙodarsa, da ya iya kashe ni ba wanda ya san dalili. Ya ce ita kuma an ba baƙonta rabin duka, ya koyi jurewa. Ya ce da an rubuta cewa tsohon haɗi ya yi aiki, sabon ya gaza, kuma da wannan za a yi wa waɗanda za su zo bayanmu hukunci.

Na ce duk na ji. Abu ɗaya nake roƙo, kada a ce sabon bai karɓe ta ba, don ba ta sha shi duka ba. A ba ta shi cikakke a gani.

Ya ce ba shi ke da gwajin ba, zai kai maganar ga masu shi. Ya ce, "Kin san ke ba za su bar ki ba?"

Na ce na sani.

Litinin, da yamma

An kira ta. Ta dawo. Ta juya fuska bango.

Laraba, da safe

Ba ta yi mini magana. Ta ware kofinta da cokalinta. Na dafa kunun shinkafa na ajiye mata, ya huce a wurin, ko taɓa kwanon ba ta yi ba. Wannan ya fi zagi, kuma ta san na sani.

Alhamis, bayan la'asar

Amsa ta zo. Ita za ta ci gaba, amma an karɓe kafson daga hannunta. Kullum da safe za ta je asibiti ta haɗiye a gaban nas, ta buɗe baki a duba. Ni an cire ni. Zan koma Mukah in ci gaba da tsohon haɗin a asibitin da ke kusa da mu. Ɗakin na 'yan gwaji ne, ran Asabar zan tashi.

Abin da na roƙa na samu. Ban san haka samu yake da ɗaci ba.

Da ta dawo ta tsaya a tsakar ɗaki, ba ni take kallo ba, fanka take kallo. Ta ce, "Da furfurata, in buɗe baki yarinya ta leƙa." Ta kwanta.

Juma'a, da yamma

Na haɗa kaya. Na bar mata ragowar sagun a kan taga, ko za ta zubar.

Asabar, da la'asar, a cikin bas

Da na tashi gadonta a gyare, ta riga ta tafi asibiti. Na ce to, haka za mu rabu. Na ja jakata zuwa bakin titi ina jiran tasi, sai waya. Nas Voon ce.

"Mama Rapiah, kin tafi? Don Allah ki biyo ta nan. Yayarki ta ƙi sha. Tun ɗazu nake fama, ga layi a bayanta."

Na same ta a kujera, kafson a tafinta, ta dunƙule baki. Nas Voon na tsaye da kofin ruwa. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta miƙo hannu gefe, kamar mai ba wa wanda ba ta sani ba.

"Taɓa. Hanyarku doguwa ce, direbobin nan kuma mahaukata ne."

Nas Voon ta kau da kai. Na sa yatsa na taɓa, na kai leɓena. Ta jefa shi baki, ta kora da ruwa, ta buɗe wa nas ta leƙa. Sannan ta juyo ta buɗe mini ni ma, har da ɗaga harshe.

Na jira ta ce mun sha. Ta ce, "Na sha. Tafi, 'yar bakin teku, kada bas ya bar ki."

Ban yi kuka ba sai da muka fita gari.

Laraba, da hantsi, a gida

Ciwon bayan ya fara dawowa, daga ƙugu. A zaune na yi asuba. Na kira lambar Indai Lulong, kiran bai shiga ba, wataƙila tana layi.

Na zuba fararen ƙwayoyina a tafi na daɗe ina kallonsu. Seruji ya shigo da raga a kafaɗa zai fita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yaya jiki.

Na ce, "Ba sauƙi, Seruji."

Ya kalli teku, ya kalle ni. Ya sauke ragar, ya zauna.